Lissafin da Aka Yi a Kanmu

A 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE, ƙasar nan ta wayi gari tana neman malamai ido rufe. Azuzuwa sun cika, wasu yaran a gindin bishiya suke zama, masu koyarwa ba su isa ba. Sai aka faɗaɗa kwalejojin horon malamai, aka buɗe sababbi, ana ba ɗalibi abinci da makwanci da littattafai, har da ɗan alawus. Ina cikin 'yan matan da suka shiga ta wannan ƙofa.

Ba ni na zaɓi koyarwa ba, ba kuma dole aka yi mini ba. Lissafi aka yi, irin wanda kowane gida a unguwarmu yake yi. Yarinyar da ke talla, ribarta ake zubawa a adashi har a haɗa mata kayan ɗaki, don haka kai ta makaranta asarar wannan kuɗi ne. In ta gama kuma, abin da za ta samu gidan miji zai shiga. Saboda haka karatun da za a yarje mata shi ne wanda ba ya cin kuɗi, wanda kuma aikinsa ba zai hana ta aure ba. Biyu ne rak: malanta ko jinya. Inna ce ta yanke magana, ta ce wa mahaifinmu: "Malam, aikin asibiti akwai kwana, wane miji ne zai yarda? Malama kuwa kafin la'asar tana ɗakinta."

Yayana sakandare ya yi, ya wuce makarantar share fagen shiga jami'a a Zariya, ya karanta akanta, ya shiga banki. Babu wanda ya tambayi ƙarfe nawa zai riƙa dawowa gida. Ba na ganin laifin iyayenmu, don a layinmu gidajen da suka bar 'ya mace ta wuce firamare ba su da yawa. Amma tazarar da ke tsakanina da Yaya a yau daga ranar ta fara.

Sau da yawa in na faɗi haka sai a ce ai a aikin gwamnati ba a bambanta albashin mace da na namiji. Gaskiya ne. Tun tsarin Udoji na 1974 matakan albashi daga na 1 zuwa na 17 suke, kuma babu inda aka rubuta jinsi. Malamin da muke mataki ɗaya da shi, kuɗinmu ɗaya. Abin dubawa shi ne inda kowa ya fara hawa, da wanda aka bari ya ci gaba. Mai digiri a mataki na 8 yake farawa, mai NCE a na 7, mu masu Giredi Tu, takardar kwalejin horon malamai, muna ƙasa da su. Mazan da muka fara aiki tare, da sun ɗan jima sai su nemi hutun ƙaro karatu, su tafi su bar iyali, albashinsu na tafiya. Su dawo da NCE, su koma su yo digiri, sai ka ji an ba wannan hedimasta, wancan ya koma ma'aikata. Mu kuwa daga ciki sai goyo. In an yi wa maigida canjin wurin aiki ki tattara ki bi shi, takardun ƙarin girmanki su kwana a garin da kika baro. Ni sai da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna ta kawo karatun NCE na ƙarshen mako sannan na samu na yi, ina da furfura a gefen kai.

Bayan shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986 naira ta faɗi, albashin malaman firamare kuma ya koma sai an ga dama. A yi watanni ba labari. Maza da yawa suka fice, wasu kasuwa, wasu siyasa. Mu muka tsaya, don babu wurin zuwa, muna haɗawa da sayar da ƙanƙara da ba da atamfa bashi. Fanshonmu kuma da matakin da mutum ya ajiye aiki aka auna shi, ga shi tazarar ta biyo mu har tsufa.

A 2023 na ji a rediyo an ba wata farfesa a Amurka, Claudia Goldin, kyautar Nobel ta tattalin arziki. Cikin abin da ta gano, giɓin samu tsakanin mace da namiji masu aiki iri ɗaya ya fi buɗewa daga haihuwar ɗan fari. A wurinmu tun kafin a ɗaura aure ake buɗe shi, saboda 'ya'yan da ba a riga an haifa ba.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne makarantun kuɗi da suka cika unguwanni. 'Yan mata masu NCE ne ke riƙe da yawancinsu, kuma da dama ana biyansu abin da bai kai rabin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba. In ka yi magana a ce ai miji ke ciyar da ita. Akwai ɗalibaina na da a cikinsu, wasu zawarawa ne, wasu mazansu sun rasu, kuma da wannan kuɗin suke auno hatsi su biya haya.