Zaure, Sallama da Takardar Alƙali

Gidan Bahaushe daga zaure yake farawa. Magina na da sun san abin da suke yi da suka ƙi daidaita ƙofar zaure da ƙofar shigifa, domin kada idon mai wucewa ya zarce har tsakar gida. Baƙo yakan tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, a aiko yaro ya tambayi ko wane ne, sannan maigida ya fito ya shimfiɗa masa tabarma. Daga nan gaba kuwa sai muharrami, ko wanda aka ce wa ya shigo. A wasu gidajen har rubutawa ake yi da gawayi a jikin bango cewa ba a shiga. Wannan doka ba ta da ɗan sanda, ba ta da kurkuku, amma ƙalilan ne ke karya ta, saboda duk wanda ya karya ta ya zubar da mutuncinsa a idon unguwa.

A nan unguwar Zariya ta Maraɗi, inda nake zaune, zaure ya yi ƙaranci. Tun bayan ambaliyar 1945, wadda ta cinye tsohon gari a bakin Gulbi har Turawa suka mayar da mutane kan tudu, aka riƙa yanka filaye a kan layi, kuma unguwannin da suka biyo baya, irin tamu, ƙyauren ƙarfe suka samu a maimakon zaure. Duk da haka dokar ba ta mutu ba. Benci a ƙarƙashin dogon yaro shi ya gaji tabarmar zaure, a nan ake karɓar baƙi, a nan ake sasanta rigima, kuma har gobe yaro ne ke leƙowa ya ce ana sallama da maigida.

Tushen wannan ɗabi'a a bayyane yake. Aya ta 27 da ta 28 a cikin Suratun Nur sun hana mumini shiga gidan da ba nasa ba sai da izini da sallama, sun kuma umurce shi ya koma idan an ce ya koma. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Malamanmu sukan ba da labarin Sayyidina Umar, wanda ya haura katangar wani mutum da dare ya same shi cikin saɓo, sai mutumin ya tunatar da shi cewa shi ma halifa ya yi leƙen asiri, ya shigo ta inda ba ƙofa ba, bai kuma yi sallama ba. Umar ya karɓi hujjar ya fita. Abin lura a nan shi ne mai mulkin ƙasa sukutum aka yi wa wannan tuni. Ke nan hukuma ma tana da zauren da ya wajaba ta tsaya a cikinsa.

Sai dai tarihinmu ya nuna hukuma ba ta faye son tsayawa ba. Kakata, mutuniyar Tsibiri, idan tana ba mu labarin zamanin Nasara ba ta cika maganar yaƙi ba. Abin da ya tsaya mata a rai shi ne yadda gardi ke kutsawa cikin gida neman mai bashin haraji ko wanda ya gudu daga aikin tilas, mata suna rarumar zane suna ɓuya a bayan danga. Bayan yunwar 1931 aka matsa wa talakawa da rumbun tsimi, hatsin da mutum ya noma da guminsa ya koma abin da wani zai zo ya leƙa ya auna. Sai a 1946 aka soke aikin tilas da dokar da ke ba kumandan ikon hukunta ɗan ƙasa ba tare da shari'a ba. Samun mulkin kai a 1960 bai kawo ƙarshen kutsen ba, domin bayan tayar da ƙayar bayan Sawaba a 1964 gidaje da yawa sun ga bincike da kame a kan zato kawai. Tsofaffin da suka ga waɗannan shekaru har yau sukan rage murya idan mota ta tsaya a ƙofar gida da dare.

Saboda irin wannan tarihi ne dokokin zamani suka yi wa gida katanga ta rubutu. Tsarin mulkin Nijar na 25 ga Nuwamba 2010, a sashe na 27, ya ce gida wuri ne da ba a keta alfarmarsa, kuma ba a bincike ko kame a cikinsa sai bisa sharuɗɗan da doka ta shimfiɗa. An dakatar da wannan tsarin mulki bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, amma Nijar tun 1986 ta shiga yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda sashenta na 17 ya hana kutsawa gidan mutum bisa son rai. A maƙwabciyarmu Nijeriya ma sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 abin da ya tanada ke nan.

Tsarin shari'ar laifuka da muka gada daga Faransa ya bambanta yanayi uku. Idan an kama laifi da ɗuminsa, jami'in bincike na iya shiga ba tare da jiran alƙali ba. Idan binciken farko ake yi a kan zargi, sai maigida ya yarda. Idan magana ta kai hannun alƙali mai bincike, to, da umurninsa ake shiga. A kowane hali ana son maigida ya kasance a wurin, ko wakilinsa, ko shaidu biyu, a rubuta duk abin da aka ɗauka, a kuma kauce wa tsakar dare. Ni a wurina wannan takarda ta alƙali ita ce sallamar hukuma. Da ita take faɗin sunanta, da abin da ya kawo ta, da wanda zai amsa tambaya idan ta wuce gona da iri.

Na ga abin da rashin wannan sallama ke haifarwa. Wata shekara, da asuba, wasu masu kaki suka faɗa gidan wani maƙwabcinmu tela, wai an tsegunta musu yana ɓoye jarkokin mai na fasa-ƙwauri. Babu takarda, babu shaidu, ba a ma bari matarsa ta yafa mayafi ba. Aka ɗaga katifa, aka zazzage kwalla, aka watsar da ɗinkin mutane a ƙasa, ba a samu ko kwalba ɗaya ba. Suka tafi ba tare da ko ban haƙuri ba. Ba a ɗauki komai nasa ba, amma ya yi asarar abin da Bahaushe ke roƙon Allah a kansa dare da rana, wato rufin asiri. Watanni bayan haka ana nuna gidansa da baki, wasu masu kawo ɗinki suka janye, ƴaƴansa kuma suka tashi da sanin cewa mahaifinsu ba ya iya tsare musu ƙofa. Wanda ya kai tsegumin kuwa ba a taɓa tambayarsa hujja ba.

Na san abin da wani zai ce, kuma maganarsa ba ta banza ba ce. Ƴan bindiga sun addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, suna satar mutane da shanu, kuma makamansu a wani gida ake ɓoye su. Wa zai jira takarda alhali rai na cikin haɗari? Doka ta riga ta amsa wannan, tunda ta buɗe ƙofa ga laifin da aka kama da ɗuminsa, ta kuma tanadi dokar ta-ɓaci, irin wadda aka kafa a jihar Difa a watan Fabrairu 2015, wadda ta ba jami'an tsaro ikon binciken gidaje dare da rana. Amma dokar ta-ɓaci tana da sanarwa, tana da iyakar ƙasa, tana da wa'adi. Abin tsoro shi ne a mayar da ita ɗabi'ar kullum a inda ba a kafa ta ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: idan jama'a suka saba da buɗe ƙofa ga duk mai kaki ba tambaya, ɓarawo ma kaki zai saya.

Maganar ba ta tsaya a gida ba, ta shafi gona. A Amurka, inda gyaran tsarin mulki na huɗu ya kare gidaje tun 1791, kotun ƙoli ta yanke a 1924 cewa wannan kariya ba ta kai ga fili da daji ba. Wanda ya san Jiratawa zai ga wannan rarrabewa ba ta dace da rayuwarmu ba. Manomin da ke kwana a bukka yana gadin albasarsa, ga rumbunsa a gefen gona, ga rijiyarsa, ga injin ban ruwa da ya ci bashi ya saya, rabin gidansa a can yake. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gona ta gado daidai da ta takarda, ta kuma kafa kwamitocin kula da filaye. Idan har gona mallaka ce, to, ya kamata mai shigarta da sunan hukuma ya faɗi dalili, ya nemi mai gona ko maigari ya tsaya shaida, kafin ya buɗe rumbu ko ya kafa turken awo.

Nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu yake. Yaranmu sun iya sallama tun kafin su iya karatu, saura a koya musu cewa hukuma ma akwai sallamar da ake binta. A fassara waɗannan sassa na doka da Hausa mai sauƙi, a karanta su a aji, a saka su cikin wasan kwaikwayo da shirin rediyo. A koya wa maigida ya tambaya cikin ladabi, ba da faɗa ba: su wane ne ku, wa ya aiko ku, ina takarda? A koya masa ya kira mai unguwa da maƙwabta su tsaya shaida, ya kuma nemi a rubuta abin da aka ɗauka. Jami'in kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin shi ma idan ya tuɓe kaki maigida ne, kuma yana so a yi sallama kafin a shiga wurin iyalinsa.