Yadda Gudun Hijira Ya Haɗa Kan Majami'un Yola

Wanda bai zauna cikin Kiristocin Arewa ba yakan ɗauka mu duka abu guda ne, tunda ran Lahadi kowa zai saɓi Littafi Mai Tsarki ya nufi majami'a. Alhali kuwa mu ma muna da ɗariƙu kamar kowa, kuma kowace da tarihinta da yankinta. A jihar Adamawa kaɗai akwai LCCN, wadda tushenta yake Numan, inda 'yan mishan na ƙasar Denmak suka sauka a 1913. Akwai Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda ta faro daga Garkida a 1923. Ga Katolika, ga Anglika, ga ECWA da Baftis, ga kuma sababbin majami'un nan masu ganga da lasifika. Ƙungiyoyin haɗin kai sun daɗe, TEKAN tun 1955, CAN kuwa tun 1976, amma a unguwa zumuncin namu bai cika wuce taron Kirsimeti da jana'iza ba. Kowane fasto yana kishin garkensa, in mutum guda ya bar majami'arsa ya koma ta maƙwabta, sai a yi wata ana gunaguni.

A haka shekarar 2014 ta same mu. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilu, waɗanda akasarinsu 'ya'yan EYN ne, wuta ta gangaro Adamawa. Madagali da Michika suka faɗa hannun Boko Haram cikin damina, ran 29 ga Oktoba kuma Mubi ta faɗi, a ranar ne aka afka wa hedikwatar EYN da ke Kwarhi, har shugabanninta suka koma Jos na wani lokaci. Jama'a suka biyo hanyar Hong da Gombi da Song, wasu a bayan tifa, wasu a ƙafa, wasu sai da suka hau duwatsu suka ɓulla Kamaru kafin su kewayo. Gwamnati ta buɗe sansanoni irin na Damare da Malkohi, amma mafi yawan mutanen a gidajen dangi da majami'u da masallatai suka sauka. Babbar majami'ar Katolika ta Santa Teriza da ke Jimeta ta buɗe ƙofarta ga dubban mutane. Bishop ɗinta, Stephen Dami Mamza, shi kansa mutumin Bazza ne a ƙaramar hukumar Michika, wato masu gudun nan mutanen gidansu ne.

Lokacin ni ne magatakardan wata 'yar ƙaramar majami'a a Jimeta. A makonnin farko kowace majami'a ta unguwarmu ta rubuta sunayen nata, ta tara baiko, ta sayi masara, ta raba wa nata. Kafin a yi nisa sai lissafi ya ƙi. 'Yan EYN ne suka fi yawa cikin baƙin, majami'arsu kuwa ita ce ta fi jin rauni, ba ta da abin da za ta riƙe su. Mai wayo yakan karɓa wuri uku, tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai ta kwana da yunwa. Musulmin da suka gudo tare da maƙwabtansu Kiristoci kuwa, waɗanda wasunsu su ne ma suka nuna hanyar daji, ba su cikin takardar kowa.

Wannan ne ya sa fastoci huɗu da Fada guda na unguwarmu suka zauna a ajin firamare, aka gayyaci mai unguwa da limamin masallacin Juma'a, aka yanke cewa littafi guda za a buɗe, kuma ni zan riƙe shi. Da ana tsara abin da za a rubuta, wani ya kawo shawarar a bar gurbin ɗariƙa, domin kowa ya san yawan nasa. Sai shugabar Zumuntar Mata, wata dattijuwa da ba ta cika magana a taro ba, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "Baba Fasto, ku gafarce ni. Da yunwa ta zo, ta tambayi katin baftisma?" Aka yi tsit, daga baya aka yi dariya, aka bar gurbi huɗu kawai: suna, garin da aka fito, bakin da ake ciyarwa, da gidan da aka sauka.

Mai karatu, a nan ne na ga amfanin bambancin da muke ta faɗa a kai. 'Yan Katolika suna da hukumarsu ta adalci da ci gaba da zaman lafiya, JDPC, sun iya ajiye lissafi da rubuta wa masu ba da agaji. Wata majami'ar tana da babban zaure, ya zama rumbu. Samarin sababbin majami'u suna da motoci da ƙarfin dako. 'Yan Birged suka riƙe layi, matan zumunta suka haɗa tukwanensu na biki wuri guda. Babu majami'ar da take da waɗannan duka ita kaɗai, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai rabon masara shi ne mai sauƙi a cikin aikin. Akwai wani magidanci daga wajen Michika da yakan karɓi kwanonsa, ya zauna a gindin darbejiya, ba zai tashi ba sai magariba. Wata rana na ce masa, "Baba, ko akwai abin da bai cika ba ne?" Ya ce, "Ɗana, awo ya cika. Wanda zan kai wa ne babu." Irinsa suna da yawa. Ga matar da ba ta ga gawar mijinta ba, tana tambaya ko ita gwauruwa ce ko matar aure. Ga yaran da ƙarar babur kan sa su shige ƙarƙashin benci. Ga fastocin da su kansu gudu suka yi, garkensu ya watse, ana jiran su ta'azantar da wasu alhali su ma ba sa barci.

Shugabannin namu suka kafa ƙa'ida biyu. Ta farko, ba a wa'azin jawo mutum zuwa wata majami'a a wurin rabo, domin wanda yake jin yunwa zai amsa duk abin da mai buhu ya faɗa, kuma wannan cin amana ne. Ta biyu, harshe ake dubawa kafin ɗariƙa. Mai jin Kamwe a nemo masa mai jin Kamwe, haka Margi da Fali da Kilba, ko fasto ne, ko katikis, ko uwar zumunta, domin mutum da harshen uwarsa yake kuka. Na ga faston EYN yana zuwa wurin Fada duk yammacin Laraba, su ja kujeru su zauna, Fadan ba ya cewa komai sai sauraro. Daga baya EYN, da taimakon 'yan'uwansu na Amurka da 'yan Menonait, suka shirya tarukan warkar da raunin zuciya, da tsarin da aka koyo daga Ruwanda bayan kisan kiyashin 1994. Babban abin da na tsinta a ciki shi ne kada a gaggauta ce wa mutum ya yafe. Gafara tana cikin bangaskiyarmu, amma in ka ɗora wa wanda bai gama kuka ba, ka ƙara masa kaya ne.

Da aka jima, littafin nan ya fara nuna mana abin da ba mu nema ba. Gurbi na huɗu, na gidan da aka sauka, ya tona cewa masu masaukin sun fi baƙin shiga uku: lebura mai ɗaki biyu yana riƙe da mutum ashirin, kuma babu mai kawo masa komai tunda shi ba ɗan gudun hijira ba ne. Aka sa su cikin rabo. Masu gidajen haya sun ninka kuɗi, fastoci da liman suka bi su gida-gida, wasu ma dattawan majami'unmu ne, aka gaya musu gaskiya. Yaran da aka ƙi ɗauka a makaranta don ba su da takardar canjin makaranta, aka yi ta sintiri har aka ɗauke su. Wata rana kayan da aka rubuta mana a wani ofishi suka iso da giɓi. Da fasto guda ne ya je tambaya, da an sallame shi da alkawari, amma da mutum bakwai suka shiga tare, da rawani da farar kwala, ragowar buhunan suka fito kafin mako ya zagayo. Bayan an fara komawa gida kuma sai ga rigimar gwauraye da dangin miji a kan gona, wadda ita ma sai da aka tsaya musu.

Batun da ya fi nauyi shi ne na zargi tsakanin Kirista da Musulmi. A Michika, bayan an koma, har ranar kasuwa sai da ta rabu biyu. A Yola kuwa ƙungiyar Adamawa Peace Initiative, wadda Jami'ar Amurka ta Nijeriya ta haɗa tun 2012, ta sa limamai da bishop-bishop raba abinci tare. A 2021 Bishop Mamza ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi cikin ƙaramar hukumar Girei domin waɗanda ba su iya komawa garuruwansu ba, da makaranta da majami'a, ya kuma gina wa Musulmin cikinsu masallaci. Wasu namu sun soke shi a kan haka. Ni dai ina ganin wanda ya taɓa riƙe littafi marar gurbin ɗariƙa ba zai yi mamaki ba, domin in ka ba mutum gida ka hana shi wurin sallah, rabin gida ka ba shi.

Abin da yake damuna shi ne, da ƙura ta lafa, kwamitin unguwarmu ya daina zama, kowa ya koma kishin garkensa. Da Binuwai ya yi ambaliya a 2022, sai da aka sake neman lambobin juna daga farko, mutane suna kwance a azuzuwa ana ta tambayar wa ke da zaure, wa ke da mota. Ba a fafe gora ranar tafiya. Roƙona ga shugabanninmu, kowace unguwa ta riƙe irin wannan zama ko sau huɗu ne a shekara, da liman da mai unguwa a ciki, a horar da masu sauraro a kowane harshe, a san gidajen gwauraye da marayu tun ana zaune lafiya.

Allah ya ta'azantar da waɗanda suka rasa nasu, ya mai da waɗanda har yanzu ba su koma gida ba, ya ba ƙasarmu salama. Amin.