Batir ya sha zagi, ashe caja ce mai laifi

 Bari in ba ku labarin kunyar da na sha, ko wani zai tsira da kuɗinsa.

Saura kwana tara in miƙa babi na huɗu, laftof ɗina ta fara iskanci. Da an ɗauke wuta sai ta mutu nan take, har sau biyu ina rasa lissafin SPSS da ban ajiye ba. Na yanke hukunci batir ya gama aiki. Kuɗin da na ware na buga takardu na ɗauka, na shiga Wunti na sayi sabo.

Na dawo ɗaki na jona. Kashi 23. Na yi sallar isha'i, na ci abinci, na dawo: kashi 23. Fitila na ci, kwamfuta na aiki, amma batir ko motsi. Na cire shi, na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30, na mayar. Na goge direban batir a Windows na sake kunnawa. Duk a banza.

Washegari na koma shagon da zafina. A gaban mutane na ce, "Malam, jabu ka sayar min." Bawan Allah bai ɗaga murya ba, ya ce, "Yallaɓai, ina cajarka?" Ya jona tasa. Wallahi kafin in gama huci ta koma 24.

Sai ya haska bakin tawa da fitilar waya. Akwai wata siririyar allura a tsakiyar bakin irin waɗannan cajoji, tawa ta karye. Ita ce ke gaya wa kwamfuta ƙarfin cajar, wat 45 ce ko 65. In kwamfuta ba ta ji wannan saƙo ba, za ta iya ci gaba da aiki amma ta ƙi cika batir, don kare kanta. Ni kuwa ina ganin fitila na ci sai na ɗauka komai lafiya. Abin da ya fi ci min rai, da ya gwada tsohon batirin, ya karɓi caji. Ya gaji dai, minti 40 yake riƙewa, amma bai mutu ba. Tsawon makonni yana zaune a sifili, kuma batirin litiyam ba ya son haka. Na ba shi haƙuri, ya yi dariya ya ce ni ne na uku a watan.

Ga abin da zan ce. Kafin ka sayi batir, ari cajar abokinka mai irin kwamfutarka, ka duba bolt da wat da ke rubuce a jikinta su dace da taka. In ka saya, tun a shagon ka buɗe cmd ka rubuta powercfg /batteryreport, ka kwatanta ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda yake iya ɗauka yanzu. In tazarar ta yi yawa, ba sabo ba ne, kwali ne kawai sabo. Kuma da zafin Bauchi na watan Afrilu, a daina caji a kan katifa, zafi na cin batir. Wanda ya ga nasa ya kumbura har yana ɗaga madannai, ya cire shi, ba abin wasa ba ne, yana iya kamawa da wuta.

Sabon ya ɗan yi min wasa da farko, daga kashi 40 sai ya faɗo 7. Na cika shi fal, na bar shi ya sauka ƙasa sosai, na sake cikawa ba tare da cirewa ba, lissafin ya daidaita.

Babi na huɗu ya shiga a kan lokaci, Alhamdulillah. Cajar dai bashi na karɓa a wajen mutumin da na kira mai jabu, kuma har yanzu da saura dubu biyu.