Yadda na koyi tafiya mai nisa bisa keke

Ƴan uwa, ni malamin yaƙi da jahilci ne a ƙasar Kurfai. Gidana yana Filinge. Ajina kuwa yana wani ƙauye mai nisan kilomita 18. Dā da moto nake zuwa. A shekara ta 2020 hukuma ta hana yawo da moto a wurare da dama na jihar Tillaberi saboda rashin tsaro. Sai na jingine moto, na ɗauko tsohon kekena na kakkaɓe shi.

Rana ta fari na ce a raina: ai keke ba baƙona ba ne. Ban karya kumallo ba, ban ɗauki ruwa ba. Na fita da ƙarfe takwas ina taka feda da ƙarfi kamar ana kora ta. Kafin in kai rabin hanya numfashina ya ƙare, cinyoyina sunka yi nauyi, idanuna sunka fara ganin duhu. Na kwanta gindin wani gawo. Da na isa ƙauyen rana ta take tsaka. Mata 25 da ke jirana duk sun watse, kowace ta koma ga dakanta. Wata tsohuwa ta ce mini: "Malam, in ba ka iyawa ka gaya muna, mu ma muna da aiki." Maganar nan ta yi mini ciwo. Na san in na sake makara sau biyu, ajin ya mutu ke nan.

Washegari na tura keken wurin wani dattijo mai gyaran keke a bakin kasuwa. Na gaya mishi abin da ya faru. Ya yi dariya, ya ce: "Malam, kai kana koya ma mutane karatu, yau ni zan koya maka. Hau in gani."

Na hau. Ya ce: "Sirdinka ya yi ƙasa. Gwiwa ba ta miƙewa, shi ya sa kake saurin gajiya." Ya ɗaga sirdin har ya zamana in feda ta sauka ƙasa, ƙafata ta kusa miƙewa, saura kaɗan. Ya wanke sarƙa, ya ɗiga mata mai. Ya gyara birki, don ashe yana gugar ƙafar baya tun tuni. Ya sa ma tayu iska.

Na ce: "Baba, yashin Dallol fa?"

Ya ce: "Bisa kwalta ko ƙasa mai tauri, taya mai iska sosai ya fi gudu. Cikin yashi ka rage iskar kaɗan, don kada taya ya nutse. In yashi ya yi yawa, sauka ka tura. Ba abin kunya ba ne. Kuma kada ka fita ba famfo da kayan faci, ka san ƙayar aduwa da tsaidau."

Daga nan ya ba ni babbar dabara. Ya ce: "Ka tashi da sannu. In ba ka iya yin magana bisa keke saboda haki, to gudunka ya yi yawa, rage shi."

Na bi maganarshi. Ga abin da na riƙa yi. Ina fita bayan sallar asuba, tun da sauran sanyi, don a watan Afrilu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasarmu. Ina shan kunu ko fura kafin in hau. Ina ɗaure bidon ruwa a bayan keke, in riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta kama ni ba. A aljihu ina sa dabino ko ƙuliƙuli. Ba na danna feda da ƙarfin tsiya, juya ta nake yi bai ɗaya. In iskar hunturu ta tare ni, sai in ɗan duƙa. Sai bayan la'asar nake komowa gida.

Satin fari sau huɗu nake tsayawa in huta, tafiyar tana cin awa uku. Sati na uku na koma tsayawa biyu. Bayan wata biyu, tsayawa guda ta ishe ni. Sa'an nan ne na fara neman sauri. Inda hanya ke da tauri sai in ƙara gudu na minti biyu, in sassauta, in sake, kamar sau huɗu. Sau biyu kawai nake yin haka a sati. Ranar Juma'a kuwa ba na taɓa keke, domin lokacin hutu ne jiki ke ƙara ƙarfi.

To, mu yi lissafi tare. Da fari kilomita 18 cikin awa uku, wato kilomita 6 a awa guda. Daga baya na koma yin ta cikin awa guda da rabi, wato kilomita 12 a awa guda. Kun ga saurin ya ninka. Keken bai canza ba, hanyar ma ba ta canza ba.

A Burkina Faso, maƙwabtanmu, akwai babban tseren keke da anka fara a 1987, sunanshi Tour du Faso. Masu tseren kan yi fiye da kilomita 100 a yini guda. Su ma ba da wannan ƙarfi anka haife su ba. Kaɗan-kaɗan sunka tara shi, shekara da shekaru.

Amma a kiyaye: wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri bisa keke, ya sauka nan take, ya nemi inuwa, ya sha ruwa, sa'an nan ya tafi likita.

Ban sake makara ba. Ajin bai mutu ba. Tsohuwar nan da ta yi mini faɗa, ita ta fara rubuta sunanta a allo. Ran nan ta ce: "Malam, baƙaƙen nan sun fi ƙarfina, ina son in san su duka yau." Na ce: "Inna, ni ma haka na so in yi da hanyar garinku, sai na kwanta gindin gawo. Mu riƙe biyu yau, gobe mu ƙara biyu. Sannu ba ta hana zuwa."

Tambayoyi

1. Don mi malam ya gaji a rana ta fari?
2. Waɗanne gyare-gyare dattijo ya yi ma keke?
3. In mai keke yana yin kilomita 12 a awa guda, kilomita nawa zai yi cikin awa uku?