Sant-Etiyen: garin gawayi da koriyar riga

A watan Afirilu na 2023 wata ƙungiyar manoma ta Faransa ta gayyace mu, mu huɗu, don mu ga aikinsu. Zancen gonaki da shanu sai wani wata. Yau labarin wani gari zan ba ku, da ekip ɗinsa ta ƙwallon ƙafa.

Sunan garin Sant-Etiyen. Tsakaninsa da Pari kilomita 500 ne, tsakaninsa da Liyon kamar 60. Mai masaukina tsoho ne, a nan aka haife shi. Ran asabar ya ce in ɗauko rigar sanyi, zai kai ni garinsu.

Garin rami

Abin da na fara gani shi ne tuddai biyu a bayan gari. Na zaci duwatsu ne. Tsoho ya ce ƙasa ce da aka fiddo daga rami. Garin nan gawayin ƙasa ya gina shi, irin wanda ake haƙa a Anu Araran kusa da Cirozerin. Ban da gawayi, suna ƙera bindigogi da kekuna, suna saƙa.

Babban ramin sunansa Kuriyo. An rufe shi a 1973. Yanzu gidan tarihi ne. Akwai wani ɗaki babba inda ma'aikata ke tuɓe kaya. Kowa da sarƙarsa. Ya rataya tufafinsa, ya ja su sama har rufi. Har yau ga riguna can suna reto, ba masu su. Tsoho ya daɗe yana kallo. Ubansa a rami ya yi aiki.

Da aka rufe ramuka, masana'antu ma suka bi. Mutane suka watse neman abinci. A 1968 garin ya fi mutum dubu 220. Yau bai wuce kamar dubu 175 ba. Sai na tuna da Akokan, inda aka rufe ramin Kominak a 2021. Wanda ke da ɗan uwa can ya san abin da nake nufi.

Yadda ekip ta tashi

Ma'aikatan wasu kantuna masu suna Casino su suka kafa ta a 1919. Launin kantunan kore ne, shi ya sa rigarta koriya ce. Faransawa na kiran su “Masu Kore”. An buɗe filinsu a 1931, da sunan mai kantunan, Jofuruwa Gishar. A 1933 ƴan wasa suka fara cin albashi.

Daga 1957 zuwa 1981 sun zama zakarun Faransa sau 10. Garin leburori ne, amma ya sha gaban Pari da Marsai. Sai a 2023 ekip ɗin Pari ta wuce wannan adadi.

A cikin wannan suna akwai gumin ɗan Afirka. Shi ne Salif Keita, ɗan Bamako. A 1967 ya sauka a filin jirgin sama na Pari, bai tarar da mai tarbarsa ba. Sai ya tsai da taksi, ya ce a kai shi Sant-Etiyen. Kilomita 500 a taksi! Ekip ta biya kuɗin, kuma ba ta yi hasara ba. Da shi suka ci kofin ƙasa sau uku a jere. A wasannin 1970 zuwa 1971 ya jefa ƙwallo 42 a raga. Shi aka fara zaɓa gwanin ƙwallon Afirka, a 1970. Allah ya yi masa rasuwa a Bamako a watan Satumba na 2023.

A cikin filin akwai ɗakin ajiye kayan tarihi. Nan na ga wasu tsoffin sandunan gola masu kusurwa huɗu. Ran 12 ga Mayu 1976 Masu Kore suka buga wasan ƙarshe na kofin Turai da Bayern ta Jamus, a garin Gilasgo. Sau biyu ƙwallonsu ya bugi sandar sama ya komo. Bayern ta ci ɗaya da babu. Har gobe mutanen garin na cewa da sandar mulmulalliya ce, da ƙwallo ya shiga. A 2013 suka je suka sayo sandunan suka aje. Na yi dariya. Tsoho bai yi ba.

Yadda ta faɗi

A Faransa ekip-ekip aji-aji ne, kamar lakwal. Amma a nan wanda ya zo ƙarshe ba maimaita aji yake ba, baya ake mai da shi. Na gaba a aji na biyu su hau, na baya a aji na ɗaya su sauka.

A 1982 aka gano shugabanni na da wani asusu na ɓoye. Kuɗi na shiga, kuɗi na fita, ba a rubuta a littafi. Shugaban ekip ya sauka, daga baya ya shiga kaso. Gwanayen ƴan wasa suka tafi. A 1984 ekip ta faɗa aji na biyu. Duk wanda ya taɓa ganin kofaratif ta mutu a garinsu ya san wannan ciwo. Tun 1981 ba su sake zama zakaru ba.

Sun hau, sun sauka, sun sake hawa. A 2013 sun ci wani ƙaramin kofi tare da Obameyang ɗan Gabon. A watan Mayu na 2022 Oser ta kayar da su a gida, suka sake faɗawa. Masu kallo suka fusata, suka diro fili suna jifa da wuta. Hukuma ta zabge wa ekip maki 3, ta hana jama'a shiga wasu wasanni. Fushin dare ɗaya ya ja masu wahalar watanni. Da sanyin shekarar suna can ƙarshen aji na biyu.

Cikin Tukunya

A wannan hali na same su, sun fara farfaɗowa. Filin na ɗaukar mutum kamar dubu 42. Suna kiransa “Tukunya”. Da na shiga na gane dalili. Bayan kowace gola samari na tsaye, ba mai zama. Ganga na tashi, suna waƙa tun farko har ƙarshe. Ga tsofaffi da jikoki, ga mata da goyo, kowa da koren ƙyalle a wuya. Wasan kansa bai fi wani da na taɓa gani a Yamai ba. Amma jama'ar, ban taɓa ganin irinta ba.

Na tambayi tsoho me ya sa suke biyan kuɗi don ekip ta aji na biyu. Ya ce ubansa ya kawo shi nan yana ɗan shekara bakwai. Rami ya rufe, masana'anta ta rufe, abokai sun tafi. Wurin nan kaɗai ya rage inda gari duka ke haɗuwa. Sai ya tambaye ni ko mu muna sayar da gona don damina ɗaya ta ƙi.

A shekarar sun gama na 8. A 2024 suka zo na 3, suka kayar da Mes, suka koma aji na ɗaya. Wani kamfani na Kanada ya sayi ekip ɗin. Murna ba ta daɗe ba. A watan Satumba Nis ta ci su 8 da babu, a watan Mayu na 2025 suka sake saukowa.

Ran da na ji a rediyo na aika wa tsoho jaje. Ya amsa cewa ya riga ya sayi katin shiga na shekara mai zuwa, nasa da na jikarsa.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.