Awon Albarushi

'Yan'uwa marubuta, mu da muka tashi a ƙasar Ajingi da Gaya mun san ƙarar bindigar toka tun ba mu san alli ba. Da ita manomi ke tsare gonarsa, da ita maharbi ke shiga daji bayan kaka, da ita kuma 'yan bindiga ke raka sarki ranar hawan Sallah.

Amma ba kowa ya san aikin da ake yi kafin harbin ba. Ita wannan bindiga ta baki ake ɗura ta, kuma tsohon maharbi ba ya zuba albarushi da ka. Kowa da ma'auninsa, kowace bindiga da nata cikin, domin maƙeri da hannu ya yi ta, ba a samun biyu iri ɗaya. In an rage, harsashi ya faɗi a hanya. In an zarce, bututun ya fashe a hannun mai shi.

A Amurka akwai masu ɗura wa ƙaramar bindiga mai juyawa harsashi da kansu, suna ƙara awo kaɗan-kaɗan, suna rubuta sakamakon kowane gwaji. Daga aikin irin su Elmer Keith aka samu harsashin .357 Magnum a 1935. Mu a nan dokar makamai ta 1959 ta sa irin wannan bindiga cikin waɗanda aka haramta, saboda haka ba kwaikwayonsu muke nema ba. Abin lura shi ne, su sun rubuta nasu sanin, namu kuwa a kan tsofaffi yake, yana bin su kabari ɗaya bayan ɗaya.

Mu malamai mun ga abin da hakan ke haifarwa. Mun koyar da yaron da ya gaji bindigar kakansa bai gaji natsuwar kakan ba. Yau da hagu yake riƙe biro, don yatsu biyu suka rage masa a dama.

To, ina alƙalumanmu? Littattafanmu cike suke da jarumai masu harbi ba ƙaƙƙautawa, babu mai nuna dattijon da ke awo yana bismilla. Mu je mu zauna da maharban nan, mu rubuta kalmominsu da kirarinsu da haƙurinsu, domin yaranmu su san garaje ba jarumta ba ce. Allah ya sa mu dace.