Tukunyar Inna da Tukunyar Gas

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ba mu san zurfin wannan magana ba sai da muka dawo Tudun Jukun a watan Mayun da ya biyo bayan ɓarkewar yaƙin Sudan na ran 15 ga Afrilun 2023. Shekara shida muka yi a Hartum, inda karatu ya kai mu, koyarwa ta zaunar da mu. Ta kan iyakar Masar muka fito, daga mu sai yara uku da jaka biyu. Mun zaci da mun taka Zariya wahala ta ƙare, ashe wata jarrabawa na jiranmu a madafa.

A can girkin baki biyar ake yi. Da safe yaro zai karɓo ful, wato dafaffen wakensu, ya biya gidan burodi, maiɗakinmu ta kunna gas, kafin ka ce kwabo shayi ya tafasa. A gidanmu na gado kuwa baki ashirin da uku ke ci daga tukunya guda, matan gida na karɓar girki kwana bibbiyu. Sai an surfa masara, an wanke, an shanya, an kai inji, an tankaɗe, sannan a hura itace a murhu.

Ranar girkinta na farko hayaƙi ya cika mata ido, muciya ta gagare ta, tuwo ya fito da gudaji. Faccalolinta suka yi ta raɗa wai Larabawa sun dawo. Yaranmu kuma suka kalli miyar kuka suka janye hannu. Tausayi ya kama mu, muka ci bashi muka sayo 'yar tukunyar gas, ga shi lokacin an cire tallafin mai, komai ya yi tashin gwauron zabo. Muka ajiye ta a ƙuryar ɗaki muna dafa namu a ɓoye.

Ƙamshi kuwa ba ya ɓuya. Ran nan bayan sallar isha Inna ta aika aka kira mu. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, na ji kun ware tukunya. Mahaifinku bai taɓa raba ta ba, ko a shekarar fari. In kun raba yau, gobe katanga za ku ja." Muka sunkuyar da kai muka ce, "A gafarce mu, Inna."

Maiɗakinmu ce ta samo mafita. Da girki ya zagayo kanta, ta nemi babbar faccalarta ta kama mata tuƙi, suka yi wa gida duka asida da miyar waika irin ta Sudan. Inna ta kai loma, ta yi shiru, sannan ta ce, "Yo wannan ai tuwo ne da miyar busasshiyar kuɓewa!" Gida ya ɗauki dariya. Nan muka ba ta labarin agashe, tsiren da Hausawa suka kai can, da garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu, inda ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya zauna da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903.

Tukunyar gas ta bar ƙurya ta koma madafa, a kanta ake dafa shayin duk yaran gida kafin su tafi makaranta. Hayaƙi bai daina sa maiɗakinmu hawaye ba, autanmu ma yakan tambayi ful. Amma jiya mun gan shi yana suɗe kwanon miyar kuka tare da 'yan'uwansa. An ce zumunta a ƙafa take. Mu dai a tukunya muka tsinci tamu. Allah Ya bar mu tare.